Rigimar Littattafan Makoki A Makarantun Amurka: Wane Darasi Ga Iyaye?

Shekaru kaɗan ke nan da wata rigima ta kunno kai a makarantun ƙasar Amurka, kuma har wa yau ƙurarta ba ta kwanta ba. Rigimar kuwa a kan littattafai ce, watau ƙagaggun labaran nan da ake rubutawa domin 'yan shekara 12 zuwa 18. Wata ƙungiyar marubuta mai suna PEN America ta ƙirga cewa a shekarar karatu ta 2023 zuwa 2024 kaɗai, sau fiye da 10,000 aka janye wani littafi daga ɗakin karatu ko ajin wata makaranta, akasari a jihohin Fulorida da Ayowa. Da ƙungiyar ta bi diddigin littattafan da aka fi janyewa, sai ta tarar fiye da rabinsu suna taɓo maganar mutuwa da baƙin cikin rashi, da yawa kuma suna magana a kan ciwon damuwa da sauran cututtukan ƙwaƙwalwa.

Mai karatu zai iya cewa, ina ruwan biri da gada? To, ruwanmu a ciki shi ne, waɗannan labarai ba su tsaya a Amurka ba. An mayar da da yawa daga cikinsu finafinai, ga su nan kuma cikin wayoyin 'ya'yanmu, suna kallo a ɗaki bayan an kashe fitila. Saboda haka tambayar da iyayen Amurka ke cacar baki a kanta ta riga ta iso ƙofar gidajenmu: shin ya kamata yaro ya karanta labarin mutuwa da na taɓin hankali? In kuwa ya kamata, wane iri?

Me ya sa littattafan suka yawaita?

Marubuci ba ya rubuta abin da babu mai saye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a cikin kowaɗanne yara bakwai 'yan shekara 10 zuwa 19, ɗaya yana fama da wata matsala ta lafiyar ƙwaƙwalwa. Ta ce kuma mutane fiye da 700,000 ke kashe kansu kowace shekara a duniya, kuma a ƙididdigar 2021 wannan shi ne na uku cikin abubuwan da suka fi kashe 'yan shekara 15 zuwa 29. A Amurka, binciken hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar na 2021 ya nuna kashi 42 cikin 100 na ɗaliban sakandare sun daɗe cikin baƙin ciki da fid da zuciya, a tsakanin 'yan mata kuwa adadin ya kai kashi 57. Daɗin daɗawa, daga Afrilun 2020 zuwa Yunin 2021 annobar korona ta raba yara fiye da 140,000 na ƙasar da uwa ko uba ko kakan da ke riƙonsu. Abin ya kai ga ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ayyana halin ko-ta-kwana a kan lafiyar ƙwaƙwalwar yara a watan Oktoba na 2021.

Watau dai yaran da ke sayen waɗannan littattafai sun riga sun san zafin abin kafin su buɗe shafin farko. Suna neman wanda zai faɗa musu sunan abin da ke cin su, gama sau da yawa manya ba su faɗa ba.

Iyaye suna da tasu gaskiyar

Kada mu yi wa iyayen Amurka rashin adalci. Yawancin ƙorafinsu a kan batsa da ashar ne da ake cusawa cikin waɗansu littattafan, dokar da jihar Ayowa ta kafa a 2023 ma a kan haka ta tsaya. Uban da ya ce bai yarda ɗansa ɗan shekara 12 ya karanta irin wannan ba, haƙƙinsa ne. Sa'an nan akwai wani tsoro da ya fi wannan nauyi, watau tsoron kada labari ya koya wa yaro halaka kansa. Wannan tsoro kuwa yana da tushe.

A shekarar 2007 wani marubuci mai suna Jay Asher ya fitar da littafinsa Thirteen Reasons Why. Labarin wata 'yar sakandare ce da ta kashe kanta, ta bar kaset bakwai, kowane gefe yana ɗora alhakin mutuwarta a kan mutum guda, har dalilai 13. Na ƙarshe a jerin shi ne malamin ba da shawara na makarantar, wanda ta je wurinsa bai tsinana mata kome ba. Ran 31 ga Maris 2017 kamfanin Netflix ya fitar da labarin a matsayin fim mai dogon zango, ya kuma nuna mutuwar yarinyar ƙuru-ƙuru, dalla-dalla. Nan da nan ƙungiyar masanan halayyar ɗalibai ta Amurka ta yi gargaɗi kada yara masu rauni su kalla. Ƙasar Niyu Zilan kuwa ta ƙirƙiro sabon sharaɗi takanas domin wannan fim, cewa wanda bai kai shekara 18 ba, ba zai kalla ba sai da uwa ko uba ko mai riƙonsa a kusa.

Bincike ya biyo baya. Wani da aka buga a watan Yulin 2017 ya nuna cewa cikin kwana 19 da fitowar fim ɗin, tambayoyin da mutane ke yi a intanet game da kashe kai sun ƙaru da kashi 19 cikin 100, waɗansu na neman taimako, waɗansu kuwa na neman hanya. A 2019 kuma Jeffrey Bridge da abokan aikinsa na asibitin yara da ke birnin Kolumbus a jihar Ohayo suka bayyana cewa a watan Afrilun 2017 yawan 'yan shekara 10 zuwa 17 da suka kashe kansu ya haura abin da aka zata da kashi 28.9 cikin 100. Gaskiya ne ba dukan masana suka yarda fim ɗin ne sanadi ba. Ƙaruwar ta fi yawa tsakanin yara maza alhali tauraruwar labarin mace ce, kuma wani masani, Daniel Romer, ya sake lissafin a 2020 ya ce adadin dama can yana hawa. Duk da haka a watan Yulin 2019 kamfanin Netflix da kansa ya yanke wancan ɓangare daga fim ɗin, bayan shekara biyu ana kallonsa.

Wannan tsoro ba yau aka fara shi ba. A 1774 marubucin Jamus Goethe ya rubuta labarin wani saurayi mai suna Werther da ya kashe kansa saboda soyayya. Aka yi ta rade-radin samari na kwaikwayonsa, har birnin Leipzig ya hana sayar da littafin. Shekara 200 daidai bayan haka, a 1974, wani masanin zamantakewa Ba'amurke, David Phillips, ya nuna cewa in jaridu suka yayata labarin wanda ya kashe kansa a shafin farko, adadin masu yin haka yakan ƙaru a makonnin da ke biye. Shi ne ya laƙa wa abin sunan Werther.

Amma labari yana warkarwa

Da a nan binciken ya tsaya, da sai mu ce masu kwashe littattafai sun yi daidai. To, bai tsaya nan ba. A 1987 masana a Biyana, babban birnin Ostiriya, suka roƙi 'yan jarida su daina bayyana hanyar da mutum ya bi, su daina kuma zuzuta labarin. Cikin 'yan watanni irin mutuwar da jaridun ke yayatawa ta ragu da fiye da rabi. Sa'an nan a 2010 wani likita na wannan birni, Thomas Niederkrotenthaler, ya gano ɗaya ɓangaren: labarin mutumin da ya kai bakin rami, ya sami taimako, ya tsallake, yana tafiya tare da raguwar masu kashe kansu. Ya kira wannan da sunan Papageno, wani mutum a cikin wasan waƙa na Mozart wanda ya yi niyyar halaka kansa, yara uku suka tare shi suka nuna masa wata mafita.

Ga nan inda gizo ke saƙa. Maganar mutuwa ita kanta ba ta kashe mai karatu. Yadda aka ba da labarin shi ne abin dubawa. Masu kwashe littattafai daga makarantu kuwa sun yi wa duka kuɗin goro, gama doka tana iya ƙirga kalmomi, amma ba ta iya gane inda labari ya dosa.

Alal misali, a dubi Bridge to Terabithia na Katherine Paterson, wanda ya fito a 1977 ya kuma ci lambar Newbery a 1978. An haifi matar nan a ƙasar Sin a 1932, iyayenta 'yan mishan ne, ita ma ta yi aikin mishan a Japan, mijinta kuma Fasto ne. A 1974 tsawa ta faɗa wa ƙawar ɗanta, yarinya 'yar shekara takwas, ta mutu. Uwar ta rasa abin da za ta faɗa wa ɗanta, sai ta zauna ta rubuta labarin Jess da Leslie, yara biyu a karkarar Bajiniya, waɗanda ke tsallaka rafi da igiya zuwa wata masarauta da suka ƙaga a daji. Ran da Jess ya tafi yawo bai gayyaci Leslie ba, igiyar ta tsinke, ruwa ya ci ta. Abin da ya biyo baya shi ne zuciyar littafin. Jess ya ƙi yarda, ya yi fushi, ya ɗora wa kansa laifi. Ubansa, mutum marar yawan magana, ya bi shi har bakin rafi ya rungume shi. Malamarsu da yara ke tsoro ta kira shi gefe ta faɗa masa yadda ta ji da mijinta ya rasu. A ƙarshe yaron ya gina gada a kan rafin ya tsallakar da ƙanwarsa. Wannan littafi fa, na matar Fasto, yana cikin goma na farko a jerin littattafan da aka fi neman a hana a Amurka a shekarun 1990, bisa ƙididdigar ƙungiyar ɗakunan karatu ta ƙasar.

Haka kuma A Monster Calls na 2011. Siobhan Dowd ce ta faro tunaninsa tana fama da ciwon daji, ta rasu a 2007 ba ta rubuta ba, Patrick Ness ya ɗauka ya kammala, littafin ya ci lambar Carnegie a Ingila a 2012. Conor ɗan shekara 13 ne, uwarsa na jinya, wani dodo yana zuwa masa da dare yana ba shi labarai uku, da sharaɗin shi ma zai ba da na huɗu, kuma tilas ya zama gaskiya. Gaskiyar da yaron ke ɓoyewa ita ce, ya gaji, har wani sashe na zuciyarsa yana so abin ya ƙare kawai. Duk wanda ya taɓa doguwar jinya ya san wannan tunani, ya kuma san kunyar da ke biye da shi. Yaron da ya karanta wannan zai gane cewa gajiya ba ƙiyayya ba ce, kuma ba tunaninsa ne ya kashe uwarsa ba.

Sai John Green, wanda ya yi niyyar zama limamin coci, ya yi 'yan watanni yana aikin ta'azantar da yara marasa lafiya a wani asibiti a Kolumbus, daga baya ya koma rubutu. Littafinsa The Fault in Our Stars na 2012 a kan matasa masu ciwon daji ne. A 2017 ya fitar da Turtles All the Way Down, labarin Aza, 'yar shekara 16, marainiya, mai fama da ciwon waswasi, watau tunani guda ya riƙa juyawa a ka ba ya barin mutum sakat. Shi marubucin ya sha faɗa cewa da wannan ciwo yake rayuwa. A labarin yarinyar tana ganin likita, tana gardama da magani, tana faɗuwa tana tashi, ba ta warke sarai ba, amma ta rayu. Shi wannan John Green ɗin, littafinsa na farko Looking for Alaska na 2005, wanda ke ba da labarin ɗaliban da suka rasa abokiyarsu, shi ne aka fi kai ƙara a kansa a Amurka a 2015 saboda wani shafi na batsa da kuma ashar. Wannan ya nuna littafi guda yana iya ɗaukar abin amfani da abin da uba zai ƙi, sai an karanta kafin a yanke hukunci.

Ma'auni huɗu

Daga abin da ya gabata, uwa ko uba ko malamin Makarantar Lahadi zai iya auna kowane littafi ko fim da tambayoyi huɗu, ba sai ya yi karatun likita ba.

Ta farko, shin labarin ya bayyana hanyar da mutum ya bi ya halaka kansa? In ya bayyana, a kawar da shi daga gaban yaro, wannan babu gardama a kai tsakanin masana.

Ta biyu, shin mutuwar ta biya wa mamacin bukata? A labarin kaset bakwai ɗin nan, yarinyar ta mutu amma muryarta ce ke juya kowa, waɗanda suka ɓata mata suna kuka suna nadama. Yaron da ake zalunta a makaranta zai iya ɗauka cewa ga hanyar ramuwa. Alhali kuwa wanda ya mutu ba ya nan balle ya ga nadamar kowa.

Ta uku, ina manya a cikin labarin? In duk babban da yaro ya je wurinsa ya zama kurma ko wawa, to, labarin yana koya wa mai karatu kada ya ɓata bakinsa. Uban Jess da malamarsa ba masana ba ne, amma sun zo.

Ta huɗu, shin labarin ya kira ciwo da sunansa, ya kuma nuna ana neman magani? Ciwon damuwa ciwo ne kamar hawan jini, yana da likita, yana da magani. Labarin da ya mai da shi ado ko alamar zurfin tunani ya cuci mai karatu.

Mu dawo gida

Mu a nan matsalarmu ba yawan irin waɗannan littattafai ba ce, shirunmu ne. In aka yi rashi, sai a tura yara gidan maƙwabta, a ce musu Baba ya yi tafiya. Yaro namiji in ya yi kuka sai a ce ya daure, shi ne babba yanzu. Masu gaisuwa suna cika gida suna yi wa gwauruwa ta'aziyya, da wuya ka ga wanda ya tsuguna ya tambayi ɗan shekara 13 yadda ya kwana. Bayan mako biyu kowa ya watse, yaron ya koma aji. Ga shi kuwa a Filato da Kudancin Kaduna da Binuwai da Borno da Zamfara, yaran da suka ga an kashe nasu da idonsu ba su ƙirguwa.

Na taɓa samun wata yarinya a ajin baftisma da ta rasa mahaifinta. Mai surutu ce a da, sai ta koma zama a bencin baya, ba ta amsa tambaya. Muka ce haƙuri take yi, har muna yaba mata. Sai bayan wata shida uwarta ta kawo mini wani littafin Turanci da ta tsinta ƙarƙashin matashinta, tana tsoro ko na tsafi ne saboda hoton dodo a bango. Na karɓa na karanta, labarin Conor ne. Da na mayar mata, ban yi mata wa'azi ba, na tambaye ta wane wuri ya fi taɓa ta. Nan ta fashe da kuka, ta ce ran da aka kai babanta asibiti na ƙarshe ya aike ta ta ƙi zuwa, tun daga ranar take ganin ita ce sanadi. Wata shida tana ɗauke da wannan, mu da muke ganinta kowace Lahadi ba mu sani ba. Littafin bai warkar da ita ba, amma shi ya buɗe ƙofar da muka shiga. Da uwarta ta jefa shi a murhu, da wataƙila har yau ƙofar na rufe.

Ya ku iyaye, darasin da ke cikin rigimar Amurka ke nan. Ƙasar Niyu Zilan ta fi kusa da gaskiya da ta ce sai da babba a kusa. In ka ga irin wannan littafi ko fim a hannun ɗanka, ka karɓa ka duba da kanka, ko ka ba wanda ya iya Turanci ya duba maka, ka auna shi da tambayoyin nan huɗu. In ya faɗi, ka hana, ka kuma faɗi dalili. In ya ci, ka mayar masa, sa'an nan ka zauna ka tambaye shi me ya gani a ciki. Abokan Ayuba sun yi daidai muddin suna zaune tare da shi, sai da suka fara neman laifinsa ne suka ɓata.

In kuwa yaro ya daina cin abinci da barci, ya janye daga abokai har makonni, ko ya fara cewa gara ya mutu, kada a ce shagwaɓa ce ko aljanu. A tambaye shi kai tsaye, gama bincike ya nuna tambayar ba ta dasa tunanin a zuciya, takan sauke nauyi ne. Kada a bar shi shi kaɗai, a yi addu'a, a kuma kai shi asibiti ba tare da jinkiri ba. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, akwai kuma sashen masu wannan ciwo a asibitin koyarwa na Jos. Tun watan Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta kuma amince cewa mai wannan ciwo majinyaci ne mai haƙƙi.

Saura kira ga marubutanmu na Hausa. Kun cika kasuwa da labaran soyayya da na kishiyoyi, madalla. Amma yaron da ya binne ubansa a Bokkos ko a Gwoza yana bukatar labarin da zai ga kansa a ciki, cikin harshen da yake kuka da shi, labarin da zai nuna masa babba ya zo, kuma safiya ta waye. Matar Fasto ta rubuta wa ɗanta irinsa a 1977, har yau ana karantawa. Allah ya ba mu masu rubuta namu, ya kuma ba mu kunnen sauraron 'ya'yanmu, amin.